Yadda Ake Haɗa Shingen Bututai Mai Tace Ƙarar Janareta, da Yadda Ake Auna Aikinsa

Duk wanda ya kwana a Agege ko Idi-Araba ko Obalende a daren da aka ɗauke wuta ya san cewa a Legas duhu tare da rurin janareta yake zuwa. Tela yana son ƙarasa ɗinkin da ya yi alkawari, mai sayar da ruwan sanyi yana gudun kada ƙanƙararsa ta narke, mai cajin waya yana da masu jira, kowa da hujjarsa, amma mai jego da dattijo marar lafiya da yaron da ke tilawar dare su ne suke ɗaukar nauyin. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, kuma ƙaramin janaretan da aka kunna a tsakar gida ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Maganin da aka saba yi shi ne a kulle injin cikin akwati ko ɗan ɗaki, sai ya ɗauki zafi ya lalace, ko kuma, abin da ya fi muni, hayaƙinsa marar wari ya taru ya halaka mutanen gida suna barci. Don haka abin da ake nema shi ne shingen da zai rage ƙara amma ya bar iska ta wuce, kuma masana sauti sun shafe shekaru fiye da 30 suna bincike a kan irin wannan shinge.

Sunan da suka ba shi shi ne kiristal na fonon, idan kuma a cikin iska yake aiki sukan ce kiristal na sauti. Sunan yana da nauyi a baki, amma abin da yake nufi ba ya da wuyar fahimta: abubuwa ne masu kama ɗaya da aka jera sahu-sahu da tazara ɗaya tak, kamar yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin gishiri ko lu'ulu'u, sai jerin ya hana wani rukuni na sauti ratsa shi. Masu bincike Sigalas da Economou sun yi lissafin hakan a 1992, Kushwaha da abokan aikinsa suka biyo baya a 1993. Gwajin da ya sa duniya ta waiwayo an yi shi ne a 1995 a birnin Madrid na ƙasar Sifaniya, a jikin wani aikin ado na Eusebio Sempere da aka yi da bututan ƙarfe masu kaurin santimita 2.9, an jera su da tazarar santimita 10. Masu binciken suka ajiye lasifika a gefe guda, makirufo a ɗaya gefen, suka tarar sautin da ke kaɗawa sau 1,670 a sakan yana raunana sosai idan ya ratsa jerin, alhali mutum yana hango ɗan'uwansa ta tsakanin bututan. Abin da za a haɗa a nan ɗan'uwan wannan jeri ne, da kayan da ake samu a shagon masu aikin famfo.

Kafin a sayi ko da bututu ɗaya, dole a san abubuwa biyu game da sauti. Na farko shi ne yawan kaɗawarsa a sakan guda, wanda ake aunawa da haz. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, kaɗawarsa kaɗan ce, siririn sauti kuwa, irin na sarewa ko kalangun da aka matse tsarkiyarsa, kaɗawarsa tana da yawa, kuma kunnen ɗan Adam yana ji daga haz 20 zuwa kusan 20,000. Na biyu shi ne tsawon zangonsa. Wanda ya tashi yana sauraron rediyo a kan mita 19 ko 25 a gajeren zango ya riga ya san wannan awo, domin waɗancan mitoci tsawon igiyar rediyo ne, haka ita ma igiyar sauti tana da nata tsawon. Ana samun sa idan aka raba gudun sauti da yawan kaɗawa. A nan akwai wani ɗan gyara da ya shafe mu: littattafai sukan rubuta mita 343 a sakan, amma wannan na wurin da zafinsa digiri 20 ne. Gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane digiri, yana farawa daga 331 a sifili, saboda haka a ranar Legas mai digiri 30 lissafin da ya dace shi ne mita 349. Da wannan, sauti mai haz 1,000 zangonsa kusan santimita 35 ne, mai haz 100 kuwa mita uku da rabi.

Yadda jerin yake aiki kuwa shi ne, idan igiyar sauti ta iso sahun farko, wani ɗan kaso nata yakan dawo baya, saura ya wuce, haka a sahu na biyu da na uku. Kason da ya dawo daga sahu na biyu ya yi tafiyar da ta fi ta na farko da ninki biyu na tazara, wato zuwa da dawowa. Idan wannan ƙarin tafiya ya yi daidai da tsawon zango guda, sai duk igiyoyin da suka dawo su haɗu a kan taku ɗaya suna ƙarfafa juna, abin da ya rage ya wuce gaba ya zama kaɗan. Wannan ita ce ƙa'idar da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka fitar a 1913 game da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma ta zauna daram a kan sauti. Daga nan aka sami lissafin da dukan aikin ya rataya a kansa: a raba gudun sauti da ninki biyu na tazara, abin da ya fito shi ne tsakiyar rukunin sautin da shingen zai hana wucewa. Wannan rukuni shi zan riƙa kira giɓi. Idan aka gwada lissafin a kan jerin Madrid, 343 a raba da 0.2 zai ba da 1,715, wanda bai yi nisa da 1,670 da aka auna ba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba a ambaci irin kayan bututun a cikin lissafin ba. Dalili shi ne, a wajen iska, ƙarfe da roba mai tauri da gora duk bango ne, domin kowannensu ya fi iska nauyi da tauri sau ɗaruruwa ko dubbai, sauti kuma yana dawowa daga jikinsu kusan gaba ɗaya. Tazara ce take yin aikin, sai kaurin bututun. Wannan ne ya sa nake ganin binciken ya dace da mu ƙwarai, tunda abin da yake buƙata ma'auni ne da haƙuri, ba kaya masu tsada daga waje ba.

Aikin farko a fili shi ne a saurari janaretan da na'ura, a gano inda ƙararsa ta fi taruwa. Wayar hannu ta isa. Akwai manhajoji na kyauta da ke zana sauti a kan allo daga mai kauri zuwa siriri, irin su Spectroid a wayoyin Android, da phyphox wadda jami'ar Aachen ta Jamus ta fitar domin ɗalibai, wanda kuma yake da kwamfuta zai iya naɗar sautin ya buɗe shi a manhajar Audacity. A tsaya mita biyu daga injin, a riƙe wayar daidai tsayin ƙirji, a naɗi rabin minti injin yana ɗauke da lodin da ya saba ɗauka, domin kukansa ba kaya dabam yake da kukansa idan an jona firji da dutsen guga. Za a ga dogayen tsinke a ɓangaren sauti mai kauri. Wutar Nijeriya haz 50 ce, ƙananan janaretoci kuma suna juyawa sau 3,000 a minti domin su ba da ita, wato sau 50 a sakan. Injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai yana fashewa a kowane juyi, sai tsinkensa na farko ya bayyana a haz 50, mai silinda ɗaya da ake zuba wa mai dabam kuwa sau ɗaya yake fashewa a juyi biyu, nasa yana farawa daga 25, sauran kuma ninki-ninkin waɗannan ne. Sama da su za a ga wani faffaɗan tudu daga ɗaruruwan haz zuwa dubu biyu ko uku, wanda ya fito daga fanka da salansa da karkarwar murfin ƙarfe.

A nan ne ake yanke shawara, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Mai son tare rurin haz 100 ta wannan hanya yana buƙatar tazarar mita 1.75 tsakanin ginshiƙai masu kaurin ganga, sahu huɗu kuma zai cinye kusan mita bakwai, filin da babu mai shi a gidan haya na Mushin ko Ijora. Saboda haka jerin bututai na gida ba ya maganin ruri mai kauri. Abin da yake iya kamawa shi ne tudun tsakiya, wajen haz 1,000 zuwa 2,000, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kunne yana jin zafin wannan yanki fiye da na ruri mai kauri, a cikinsa ne kuma yawancin abin da ke bambanta kalmomin magana yake, shi ya sa idan janareta yana aiki sai an ɗaga murya kafin a ji juna.

Mu ɗauka an zaɓi wajen haz 1,150. Bututun roba na PVC mai inci huɗu, wanda ake sa wa ruwan banɗaki, kaurinsa na waje santimita 11 ne. Idan aka jera shi da tazarar santimita 15 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, 349 a raba da 0.3 zai ba da haz 1,163. Sai a duba abu na biyu, wato kason fili da bututan suka cika. Faɗin bakin bututun kusan murabba'in santimita 95 ne, gidan da kowane bututu yake zaune kuma 15 sau 15, wato 225, saboda haka sun cika kashi 42 cikin ɗari. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin shi yake faɗaɗa giɓin ya kuma zurfafa shi. Jerin Madrid bai cika ko kashi 7 ba, shi ya sa giɓinsa ya kasance siriri, kuma yana aiki ne kawai idan sautin ya zo ta wata fuska. Daga kashi 30 zuwa 50 shi ne wurin da ya dace a tsaya, idan aka wuce haka da yawa bututan za su kusa haɗuwa, a koma bango, a rasa iskar da aka fito nema. A tazarar 15 akwai ƙofar santimita huɗu tsakanin kowane bututu biyu, wadda ta isa iska ta ratsa.

Sahu huɗu ne mafi ƙarancin da nake ba da shawara, domin sahu biyu ba sa ba igiyoyin damar taruwa, bayan na biyar ko na shida kuma ƙarin amfanin bai kai ƙarin kuɗin ba. Kowane sahu ya ɗauki bututu 10, faɗin shingen ya zama mita ɗaya da rabi, tsayinsa ma haka, kaurinsa santimita 60. Jimilla bututu 40 ke nan, mita 60 idan aka haɗa tsawonsu. Ana samun su a kasuwar kayan gini ta Odunade da ke kan hanyar Badagry, da ma kowace unguwa mai shagon kayan famfo, kuma tunda ba ruwa za su ɗauka ba, mafi arha ya wadatar, har da ragowar da aka cire daga tsohon gini, muddin kaurinsu ɗaya ne kuma ba su lanƙwashe ba. A kai tef kasuwa a auna da hannu, kada a dogara da sunan inci huɗu, domin kamfanoni suna bambanta da 'yan milimitoci. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu a Akoka ko Yaba ko Ojo, wanda aljihunsa bai kai nan ba, zai iya rage komai da rabi: bututu mai santimita 5, tazara 7.5, giɓin ya koma wajen haz 2,300, cikar fili kashi 35. Ilimin da za a samu ɗaya ne, ƙaramar lasifika ma ta fi iya fitar da wannan sauti da tsabta. Gora ma tana yi, masu bincike a Le Mans ta Faransa sun gwada ta, sai dai wahalarta ita ce samun sanduna masu kauri ɗaya.

Wajen kafinta ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Ana buƙatar faffaɗan katako biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a ɗora su a kan juna a zana layuka tsaye da kwance da tazarar santimita 15, a huda su tare domin ramukan su dace. Kada a auna kowane rami daga wanda ya gabace shi, domin kuskuren milimita biyu yakan taru har ya zama santimita biyu a ƙarshen sahu. A kafa tef a gefe guda a yi alama a 15 da 30 da 45 har zuwa ƙarshe. Ya kamata a zauna da kafintan a yi masa bayanin abin da ake nufi, a ce masa, Malam, wannan kamar sahun salla ne, idan mutum ɗaya ya fita daga layi an sami ɓaraka. Idan babu abin yanka babban rami, a yanka ƙananan katakai masu zagaye daidai cikin bututun, a kafe su da ƙusa a kan alamomin, a zura bututan a kansu. Wannan hanya ta fi sauƙi, kuma tana ba da damar a cire bututan a sake jeri, abin da za a buƙata wajen gwaji.

A toshe bakin kowane bututu na sama. Bututu buɗaɗɗe yana da nasa kukan kamar sarewa, wanda zai shiga cikin awo ya rikita shi, ga kuma damina, wadda a Legas takan cika shi da ruwa ya zama gidan sauro. Wanda ya zuba yashi a cikinsu zuwa rabi ya ƙara musu nauyi, ya hana jikinsu karkarwa, iska kuma ba za ta kayar da shingen ba.

Awo shi ne zuciyar aikin, kuma ba da janareta ake fara shi ba. A nemi lasifika a kunna mata sautin nan mai kama da shuuu na rediyon da bai kama tasha ba, wanda ya ƙunshi kowane irin sauti daga mai kauri zuwa siriri, Audacity tana iya samar da shi. A ajiye lasifikar mita ɗaya da rabi a gaban wurin da shingen zai tsaya, wayar kuma rabin mita a bayansa, dukansu a tsayin tsakiyar shingen, a ɗaure su a kan kujera ko sanda domin kada su motsa, a yi alama da alli a ƙasa. A naɗa sau uku babu shinge, a kawo shingen ba tare da an taɓa maɓallin ƙarar lasifika ba, a sake naɗa sau uku. Bambancin da ke tsakanin zanen farko da na biyu, a kowane haz, shi ne aikin shingen. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta buƙatar waya mai sahihin ma'auni, domin duk kuskuren da makirufon yake da shi yana cikin awon biyu, idan aka ɗebe ɗaya daga ɗaya sai ya fita. Sharaɗi kawai shi ne waya ɗaya, manhaja ɗaya, wuri ɗaya, kuma a kashe duk wani saitin da ke rage hayaniya ko daidaita ƙarfin murya da kansa.

Wurin awo yana buƙatar tunani fiye da yadda ake zato. A gwajina na farko na yi kuskuren ajiye kayan a wani lungu tsakanin katangu biyu, sautin ya riƙa bugun bango yana zagayowa bayan shingen, zanen da na samu bai nuna komai ba, har na ɗauka lissafin ne ba daidai ba. Sai da na fitar da kayan fili giɓin ya bayyana. A nemi wurin da babu bango a cikin mita huɗu ko biyar, filin makaranta ranar hutu ko rufin bene mai dakali. Daɓen siminti ma yana mayar da sauti, saboda haka a shimfiɗa tsohuwar katifa ko barguna a ƙasa tsakanin lasifika da shinge, da tsakanin shinge da waya. Sannan akwai hayaniyar gari, wadda ba ta ƙarewa: danfo, babura, jirgin ƙasa ga mazauna Agege, jiragen sama ga na kusa da Ikeja. A fara naɗar wurin lasifika a kashe, a tabbatar sautin gwajin ya fi hayaniyar wurin da aƙalla desibel 10 ko da a cikin giɓin, in ba haka ba abin da za a auna hayaniyar titi ce, sai a raina shingen a kan laifin da ba nasa ba. Bayan sallar asuba kafin gari ya tashi shi ne lokacin da na fi samun natsuwa, da sharaɗin an sanar da maƙwabta tun da dare.

Idan an ga kwari a zanen wajen haz 1,100 zuwa 1,200, kada a yi saurin murna, sai an tabbatar jerin ne ya haifar da shi. Hanyoyi uku ne, kuma ɗalibin da ya yi su ya fi ƙarfin duk tambayar da za a yi masa ranar kare aikinsa. A sauya tazara zuwa santimita 17, lissafi ya ce giɓin zai sauko wajen haz 1,026, idan ya sauko to jerin ne. A juya shingen kusurwar digiri 45 yadda sautin zai shigo ta kusurwa, sahun da igiyar take gani a wannan fuska sun fi kusa da juna, saboda haka giɓin zai hau sama, lissafi mai sauƙi yana nuna wajen haz 1,600. A ƙarshe a cire bututan a dasa su barkatai, adadinsu bai canja ba amma tsarin ya tafi, kwarin ya kamata ya dushe. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da bai ba da damar a ƙaryata shi ba bai cika gwaji ba.

Wajen fassara lambobin, a tuna cewa desibel ba a ƙirga shi kamar kuɗi. Ragin desibel 3 yana nufin rabin ƙarfin sautin ya tafi, amma kunne da ƙyar yake lura, sai ragin ya kai wajen 10 mutum yake jin kamar ƙarar ta ragu da rabi. Kuma ragin da aka samu a cikin giɓi kaɗai yake, sautin da ke ƙasa da shi da wanda ke sama suna wucewa, wani lokaci ma a gefen giɓin akan sami ɗan ƙari. Idan aka kai shingen gaban janareta, abin da za a ji shi ne kaifin ƙarar ya dakushe, rurin yana nan. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce katangar bulo mai tsayi ɗaya ta fi wannan shinge tare sauti iri-iri, domin ita da nauyinta take aiki. Fifikon jerin bututai yana wurin da katanga ba ta yiwuwa: inda inji yake buƙatar iska, inda ake son haske, inda ruwan sama yake buƙatar hanya, ko gidan haya da mai gida ba zai yarda a yi gini ba.

Ga mai son ya taɓa sauti mai kauri ba tare da ya faɗaɗa shingen ba, akwai hanya ta biyu, wadda ta buɗe sabon babi a wannan fanni. A shekarar 2000, ƙungiyar Ping Sheng a jami'ar kimiyya da fasaha ta Hong Kong ta lulluɓe ƙwallayen dalma masu santimita ɗaya da roba mai laushi, ta jera su cikin ƙaro mai tauri da tazarar santimita ɗaya da rabi, ta sami giɓi wajen haz 400, inda tsawon zangon ya ninka tazarar sau da yawa. Sirrin shi ne kowace ƙwallo tana da nata kaɗawar, idan sautin da ya dace da ita ya zo sai ta yi rawa tana ja da shi. A cikin iska, abin da ke yin wannan aiki shi ne abin da kowane yaro ya sani idan ya hura bakin kwalba ta yi kuka, wanda Hermann von Helmholtz ya yi bayaninsa a ƙarni na 19: iskar wuyan kwalbar ita ce nauyi, ta cikinta kuma ita ce ke matsewa tana dawowa. Domin a mayar da bututu kwalba, a tsaga shi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, tsaga mai faɗin santimita ɗaya, a bar ɗan wuri a kowane ƙarshe domin kada ya buɗe, a juya tsagar ta fuskanci inda ƙarar take fitowa. A bututu mai santimita 11 wannan yakan haifar da giɓi na biyu a ɗaruruwan haz, ƙasa da na farko. Tsaga siririya tana saukar da shi, bututu mai faɗin ciki ma haka. A wannan hali ba a cika bututun da yashi, tunda iskar cikinsa ce take aiki. Shawarata ita ce a tsaga sahu ɗaya tukuna, a auna, a ga inda sabon kwarin ya faɗa, sannan a gyara faɗin tsagar har ya hau kan ɗaya daga cikin tsinken janaretan. Idan kowane sahu ya sami tsaga mai faɗi dabam, ƙananan giɓin sukan jeru kusa da juna su rufe yanki mai faɗi.

Lokacin girka shingen a wurinsa na dindindin, a sa shi kusa da injin ta ɓangaren da ɗakunan kwana suke, domin shingen da ke kusa da tushen ƙara ya fi inuwa mai faɗi, kuma ya fi injin tsayi da aƙalla rabin mita, tunda sauti yana lanƙwasowa ta sama da ta gefe. Amma kada ya matso ƙasa da mita ɗaya, kuma bakin salansa ya kalli wata fuska, domin robar PVC tana laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba. Shingen ba ya rage hayaƙi ko kaɗan, saboda haka janaretan ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa, kuma kada a rufe samansa da leda ko kwano har iska ta kasa fita. Wani kaso na damuwar ma ba ta iska yake zuwa ba, ta daɓe yake bi ya shiga bango, shi ya sa mai ɗakin da ke jikin injin yake jin gadonsa yana rawa. Maganin wannan shi ne a ɗora injin a kan faifan siminti mai nauyi, faifan kuma a kan tsohuwar taya ko roba mai kauri, wanda ya sami hali ya yi hawa biyu, roba da siminti sannan roba da siminti.

A rubuta komai a littafi tun ranar farko: kwanan wata, zafin rana a lokacin awo, kaurin bututu kamar yadda tef ya nuna, tazara, adadin sahu, nisan lasifika da na waya, sunan wayar da manhajar, da hoton yadda aka jera kayan. Zafin rana yana da dalili, domin tsakanin sanyin asuba mai digiri 24 da tsakar rana mai 33 gudun sauti yana canjawa da mita biyar da ɗoriya, giɓin kuma ya gusa da kusan haz 18, abin da zai iya rikita wanda bai rubuta ba. Bayan wata uku a sake awon a wuri ɗaya, a duba ko rana ta lanƙwasa bututan, ko katakon ƙasa ya sha ruwa ya kumbura har sahun ya karkace, idan haka ta faru a ɗaga shi a kan bulo a shafa masa fenti kafin damina ta gaba.